Shagon gyaran shofo na kusa da Katako: abin da na gani bayan zuwansu gidana sau biyu

A gidanmu da ke Yantala, na'urar ɗumama ruwa mai aiki da gas, wadda a nan Yamai aka fi sani da shofo, ba kayan ƙawa ba ce. Mahaifiyata ta haura shekara 70, tana fama da ciwon gwiwa da na yatsu, kuma daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, lokacin da sanyin asuba kan sauka wajen digiri 15 ko 16, ruwan da ya kwana a tankin saman ɗaki yakan gagare ta alwala. Saboda ita na sayi shofon shekara 3 da suka wuce, mai ɗumama lita 11 a minti ɗaya, mai fanka a ciki da ɗan allo a gaba, ya kuma yi mana hunturu biyu lafiya lau. A hunturun bana ne ya fara gardama. Idan aka buɗe famfon ruwan zafi sai fanka ta tashi, a ji ƙarar tartsatsi, wuta ta kama na ƴan daƙiƙoƙi sannan ta mutu, ya sake gwadawa har sau uku, daga nan ya tsaya cak, allon yana nuna E1. Wani lokaci da rana tsaka yakan yi aiki kamar ba shi ba, amma da asuba, wato lokacin da aka fi bukatarsa, bai taɓa yarda ba.

Mai gyaran da na fara kira wani ne da ke yi mana aikin famfo a unguwa. Ya dubi allon, ya danna maɓallin sake tayarwa sau biyar ko shida, ya ce katin lantarkin da ke ciki ne ya ƙone, kuma sabo zai ci jaka 45 idan an samo shi daga Lome. Ba na zarginsa da ha'inci, domin mutum ne da na sani da riƙon amana a sana'arsa, sai dai bai kwance ko ƙusa ɗaya ba kafin ya yanke wannan hukunci, kuma raina bai kwanta ba da kati mai ƙonewa da asuba ya warke da azahar. Wani abokin aikina ne ya kwatanta mini shagon da nake magana a kansa, ƙaramin shago a gefen kasuwar Katako, inda ake gyaran murhunan gas da shofo, ana kuma sayar da tiyo da detandar (kan da ake ɗaurawa a bakin tukunyar gas don daidaita ƙarfinsa) da ƙananan kayan gyara.

Tun a waya na ga bambanci. Mai shagon bai ambaci kuɗi ba sai da ya tambaye ni harafi da lambar da ke fitowa, da lokacin da suke fitowa, da ko wutar tana kamawa kafin ta mutu ko ba ta kamawa sam, da girman tukunyar gas ɗin da muke amfani da ita. Ya ce in daina danna maɓallin sake tayarwa, saboda duk gwajin da bai yi nasara ba yana iya barin ɗanyen gas a cikin akwatin wuta, wanda zai iya kamawa da ƙara mai firgitarwa a gwaji na gaba. Tambayarsa ta ƙarshe ita ce: “Alhaji, me kuka canza a gidan kwanan nan?” Na amsa da cewa babu komai, kuma da gaskiyata na faɗa, ko da yake daga baya ta bayyana cewa amsar ba daidai ba ce.

Alkawarin ƙarfe 9 na safe muka yi, bai iso ba sai bayan azahar, kuma bai kira ya sanar da ni ba. Wannan shi ne aibi na farko da zan riƙe masa, domin na bar wurin aiki saboda shi. Ya zo a babur da yaronsa, da jakar kayan aiki, da na'urar awon wuta, da wani ƙaramin ma'aunin ƙarfin gas mai siririn tiyo. Kafin ya taɓa shofon sai da ya nemi littafin da ya zo da shi, muka yi sa'a uwargida ta adana shi a cikin akwati. A littafin an rubuta cewa E1 na nufin na'urar ba ta ga wuta ba bayan ta yi ƙoƙarin kunnawa. Bayanin da ya yi mini a nan shi ne ya fi komai amfani a gare ni, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Ya ce kowane kamfani da nasa haruffan, kuma wanda ya haddace na wani ya ɗora wa wani zai ɓata. Rashin ganin wuta, alal misali, na'urorin Ariston kan nuna shi da 501, na Vaillant da F28, na Bosch kuwa da EA, alhali matsala ɗaya suke faɗa. Haka kuma E1 ɗin da ke nufin rashin wuta a tawa na'urar yana iya nufin wani abu dabam a na'urar maƙwabcina. Sannan lambar tana faɗin matakin da na'urar ta kai ta tsaya ne kawai, ba ta san dalilin tsayawar ba. Shofo yana bin tsari ɗaya a kullum: ruwa ya motsa, na'urar ta ji motsinsa, fanka ta tashi ta kore iskar da ke ciki, tartsatsi ya fito, makullin gas ya buɗe, wuta ta kama, wani tsinken ƙarfe da ke cikin harshen wutar ya tabbatar wa katin cewa ta kama. Idan tabbacin nan bai iso ba cikin ƴan daƙiƙoƙi, katin zai rufe gas ya rubuta lamba. To, tabbacin yana iya ƙin zuwa saboda gas ya ƙare, ko bai iso da ƙarfi ba, ko tartsatsin ya yi rauni, ko tsinken ya yi datti, ko wayarsa ta saki, ko kuma katin da kansa ya lalace. Katin shi ne mafi tsada a cikinsu, kuma a cewarsa shi ne na ƙarshe da ya kamata a tuhuma, bayan an wanke sauran ɗaya bayan ɗaya.

Da wannan tsari ya yi aikinsa. Ya fara da karanta takardar da ke manne a jikin na'urar don ya ga irin gas ɗin da aka tsara ta da shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasarmu, domin ba mu da gas na bututu da ke shiga gidaje, na tukunya muke ƙonawa, irin wanda matatar SORAZ ta Damagaram ke fitarwa tun da ta fara aiki a 2011. Shofo na hannu da ake shigowa da su daga Turai ko Aljeriya da yawansu na gas ɗin bututu ne, mai alamar G20, wanda ke aiki da ƙarfin miliba 20 kuma ramukan jiklar ɗinsa, wato ƴan bakunan da gas ke fesowa ta cikinsu, sun fi faɗi. Idan aka haɗa irinsa da tukunya ba tare da an canza jiklar ba, wutar takan fito rawaya, ta yi baƙin hayaƙi, ta kuma fitar da iska mai guba. Tawa tana ɗauke da G30 da G31, wato ta dace da gas na tukunya, saboda haka ya wuce gaba.

Da ya sunkuya wajen tukunyar sai ya ɗago ya ce: “Alhaji, ga abin da kuka canza.” Ashe makonni kaɗan kafin matsalar ta fara, detandar ɗin shofon ya fara yoyo, yaran gida suka cire shi suka ɗaura wanda aka ajiye don murhun girki, kuma a daidai lokacin aka maye gurbin babbar tukunya mai kilo 12.5 da ƙarama mai kilo 6 saboda ita aka samu a ranar. Ban san da ko ɗaya daga cikin biyun ba. Ya nuna mini rubutun da ke bayan detandar ɗin: miliba 28, giram 500 a awa. Miliba 28 daidai ne ga wannan gas, amma giram 500 a awa abincin murhu ne mai kai biyu ko uku. Shofo mai lita 11, idan ya buɗe wutarsa duka, yana cin abin da ya kai kilo 1.7 a awa, wato fiye da ninki uku na abin da wannan detandar zai iya ba shi.

Bai tsaya a rubutun ba, sai da ya auna. Ya kwance wata ƙaramar ƙusa a gefen makullin gas, ya haɗa ma'auninsa, ya kira ni in gani da idona. Lokacin da na'urar ke kashe, ma'aunin yana nuna miliba 29, wanda duk mai gaggawa zai ce gas lafiya yake. Da yaron ya buɗe famfo wuta ta kama, lambar ta faɗo ƙasa da 15, harshen wutar ya gajarce har ya bar tsinken, sai E1 ya fito. Game da dalilin da ya sa abin ya fi tsanani da asuba kuwa, ya sa na taɓa jikin tukunyar na ji yadda ta yi sanyi har tana naso. Gas ɗin ruwa-ruwa yake a ciki, kuma kafin ya zama iska sai ya zuƙi zafi daga jikin ƙarfen, don haka ƙaramar tukunya da ta kwana a sanyi, ga shi kuma ta kusa ƙarewa, ba ta iya fitar da iska da saurin da shofo ke nema. Ya gargaɗe mu da babbar murya a kan dabarar kwantar da tukunya ko matsa ta kusa da wuta, wadda ya ce yana yawan tararwa a gidaje, domin kwantar da ita na iya tura ruwan gas ɗin kai tsaye cikin tiyo.

Ya ɗaura sabon detandar mai ba da kilo 2 a awa, ya canza tiyon saboda shekarar da aka buga a jikinsa ta wuce, ya kuma shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa yana duban ko za ta yi ƙwai. Ba sai na tsaya ina yabon wannan ba, amma na taɓa ganin mai gyara yana neman yoyon gas da ashana, don haka na lura. Bayan mun aro babbar tukunya daga maƙwabta, ma'aunin ya tsaya a 28 har wuta na ci. Sai dai wutar ta sake mutuwa sau ɗaya a cikin gwaji huɗu, kuma a nan ne na ga haƙurinsa, domin da ya so da ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ya buɗe murfin gaba, muka tarar da ƙurar hunturu ta lulluɓe kan wutar, tsinken jin wuta kuma ya yi baƙin ɓawo. Ya ce wutar lantarkin da ke bi ta cikin harshen wuta zuwa katin ƴar mitsitsiya ce ƙwarai, ana auna ta da kaso ɗaya cikin miliyan na amfa, shi ya sa datti kaɗan ya isa ya toshe ta. Ya goge tsinken da lallausar takardar yashi, ya busa ramukan kan wutar, ya gyara tazarar tsinken tartsatsi, ya kuma duba wayar ƙasa da yadda aka sa filogi, saboda akwai na'urorin da ba sa ganin wuta idan aka juya filogin ko aka ɗora su a kan injin wuta marar wayar ƙasa. Daga nan muka gwada sau goma, ya kama sau goma.

Akwai abin da muka yi saɓani a kai a wannan rana, kuma yanzu ina ganin shi ne da gaskiya. Shofon yana cikin wani ɗan ƙaramin ɗaki ne a bayan makewayi, kuma saboda ƙura mun toshe tagar ɗakin da kwali, bututun hayaƙin kuma ya ɗan zame daga ramin bango. Ya ce ba zai bar gidan ba sai an cire kwalin an mayar da bututun an ɗaure shi. Na ce masa ƙurar ce ai ta jawo rabin matsalar, ya ce ƙura tana ɓata na'ura, rashin iska kuwa mutum yake kashewa, ya kuma tambayi Hajiya mahaifiyata kai tsaye: “Inna, kina jin ciwon kai ko jiri bayan wanka?” Ta ce ba ta ji, hankalina ya kwanta. Iskar kabon monoksayid, wato iskar gubar da wuta ke fitarwa idan ba ta samu isasshiyar iska ba, ba ta da wari ba ta da launi, kuma alamunta na farko, wato ciwon kai da jiri da tashin zuciya, suna kama da na gajiya ko zazzaɓi, shi ya sa mutane ba sa zarginta. Ya ce idan aka ji warin gas a rufe tukunya, a buɗe ƙofofi, kada a taɓa makunnin fitila, idan kuma wuta ta tashi a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Ya ƙara da cewa masu gida kan roƙe shi ya haɗa wayoyin na'urar tsaro don lambar ta daina fitowa, shi kuwa ba ya yi ko nawa za a ba shi.

Bayan kwana tara wata lambar ta fito, E3, wadda littafin ya fassara da zafi ya wuce kima. Ruwan yakan fito da zafin ƙuna, sai na'urar ta mutu a tsakiyar wanka. Na kira shi da ɓacin rai, ina ganin aikinsa ne bai yi ba, kuma wannan karon ya zo a kan lokaci. Ya ɗauki bokiti da agogon wayarsa ya auna ruwan da ke fita a minti ɗaya, bai kai lita 4 ba. Tankinmu bai fi mita 4 a saman shofon ba, kuma tun da kowace mita 10 ta tsayi ita ke ba da ƙarfin ruwa na bar 1, abin da ke isowa bai wuce bar 0.4 ba tun asali. A kan wannan raunin kuma rariyar mashigar ruwa ta cika da yashi, bututun jan ƙarfen da ke cikin wuta ya fara yin farin ɓawo, wanda masu gyara ke ce wa kalkar, ramukan kan dush, wato shawa, ma rabinsu sun toshe. Muddin gas na zuwa da rauni, ƙaramar wuta da ƙaramin ruwa sun daidaita, ba wanda ya lura. Da wutar ta dawo da ƙarfinta sai ruwan ya yi mata kaɗan. Ya wanke rariyar, ya zagaya ruwan tsami a cikin bututun da ƙaramin famfo na kusan awa ɗaya, ya jiƙa kan dush ɗin, ya rage wutar zuwa tsakiya, ruwan ya koma kusan lita 7.

A nan ne nake da ƙorafi na biyu, kuma na faɗa masa a gabansa. Mutumin da ya san cewa gyaran gas zai ƙara zafi ya kamata ya auna ruwan tun a zuwan farko, da bokitin nan ɗaya ya ishe shi. Ya amince da haka ba tare da musu ba, ya yafe kuɗin zuwa na biyu, ya karɓi na wankin bututu kaɗai. Ƙorafi na uku shi ne takarda: bai ba ni rasit ba sai da na nema, kuma wanda ya rubuta bai nuna garanti a kan detandar ɗin ba sai da na sa aka ƙara. Yaronsa ma ya bar shatin baƙin hannu a bangon da aka yi wa fenti kwanan nan.

Abin da na kashe gaba ɗaya jaka 24 ne: jaka 5 na zuwa da bincike, jaka 9 na detandar da tiyo da maɗaurai, jaka 3 na share kan wuta da ɗaure bututun hayaƙi, jaka 7 na wankin kalkar. Kuɗin binciken ya fi abin da masu gyaran unguwa ke karɓa, kuma yana karɓarsa ko an yi gyara ko ba a yi ba, abin da ya faɗa mini tun a waya. A ganina ya cancanci hakan, saboda da na bi shawarar farko da na biya jaka 45, na jira makonni, sabon katin kuma ya zo ya rubuta E1 kamar tsohon. Ya bar mini tsohon detandar da tsohon tiyo ba tare da na tambaya ba, ya kuma rubuta ma'anar lambobi shida na littafin da Hausa a kan kwali, muka manna a ƙofar ɗakin, da alama a gaban waɗanda mai gida zai iya dubawa da kansa, kamar tukunya da famfo da filogi, da waɗanda sai an kira mai gyara.

Ina ba da shawarar shagon ga mai shofo na gas, musamman wanda aka ce masa kati ya ƙone ba tare da an auna komai ba. Wanda zai kira shi ya ɗauki hoton allon lokacin da lambar ta fito, ya nemo littafin, ya tambayi mutanen gida ko an taɓa tukunya ko detandar, sannan ya ware yini guda, kada ya dogara da ƙarfen da aka faɗa masa. Yau mako biyar ke nan shofon bai sake nuna lamba ba, Hajiya tana alwalar asuba da ruwan ɗumi, kuma mun daina haɗa shi da ƙaramar tukunya. Saura abubuwa biyu da ya ba ni shawara a kansu ban yi ba tukuna: ƙaramin famfon ƙara ƙarfin ruwa a ƙasan tanki, da na'urar ƙararrawa mai jin iskar guba, wadda babu ita a shagonsa, na kuma ba wani ƙanena da ke zuwa daga Abija a watan gobe saƙon ya taho mini da ita.